Abin da Walter Bai Faɗa wa Lorna Ba

Walter Demchuk yana da alkama eka dubu a tsaye, rediyo kuma ta ce ruwa zai sauko ranar Juma'a. Shi ya sa da matarsa Lorna ta ce masa ran Talata da safe numfashi na gagarar ta, sai ya ji kamar da gangan ta zaɓi ranar.

Duk da haka ya sa ta a a-kori-kurarsa ya kai ta asibitin garinsu, tafiyar minti arba'in. Sashen gaggawa cike yake. Wata nas mai suna Imelda ta auna Lorna, ta ɗebi jini kwalba uku, ta ce likita guda ne, kuma yana kan wani da injin girbi ya tauna wa hannu.

"Me za ku nema a jinin?" in ji Walter.

"In zuciya ta wahala, akwai abin da take zubarwa cikin jini. Yawansa shi ke nuna mana wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba."

"Bara waccan ma haka kuka tsotse ta, ƙarshe kuka ce fargaba ce kawai." Ya dubi Lorna. "Ko ba haka ba, gimbiya? Ke ko ɓera kika gani sai an nemo miki likita."

Lorna na ta haki. Kalma uku ma sai ta huta a tsakani.

Awa biyu suna zaune, Walter na kallon rana ta taga tana ƙara sama. Can ya miƙe ya ce, "Tashi mu tafi. In da wani abu sa kira." Imelda ta biyo su har ƙofa tana cewa su dakata, saura kaɗan. Lorna ta kalli mijinta, ta ce da nas ɗin a hankali, "Ma dawo."

Lambar Walter ce a takardunta, don Lorna ba ta riƙe waya. Ƙarfe uku yana bisa injin girbi kiran ya shigo.

"Mista Demchuk, Imelda ce. Jinin ya fito. Abin da bai kamata ya wuce ɗari ba, nata ya haura dubu biyu. Gwaji na biyun ma, mai nuna naman zuciya ya ji rauni, ya tashi. Likita ya ce ka dawo da ita yanzu, ko mu turo mota."

"Kada ku turo. Ni zan kawo ta."

Bai kashe injin ba. Ya kai ƙarshen layi, ya juyo, ya kama wani. A ransa ya ce wadda ta yi sati tana wannan haki, kwana biyu ba za su kashe ta ba. Ga maza shida da ya ɗauko girbi, ba a barin su da yunwa, Lorna ce kuma mai dafa musu.

Da yamma Lorna ta kawo musu abinci gona, gasasshen nama da dankali da burodin da ta toya. Sau biyu ta ajiye kwandon kafin ta iso daga mota.

"Sun kira?" ta tambaye shi.

"Sun kira," in ji Walter, yana cika baki da dankali. "Lafiyarki ƙalau. Ƙiba ce, sun ce ki rage cokali."

Mazan suka yi dariya. Lorna ta gyara wuyan rigarta, ta ce, "Yi haƙuri, na ɓata maka safiya."

Ran Laraba asibiti suka sake kira. Ya ce musu ai tun jiya ya wuce da ita babban asibiti a birni, suka yi masa fatan alheri.

Ran Alhamis abincin rana ya makara. Walter ya aiki maƙwabcinsu Dale, ya ce, "Je ka ga ko gimbiya ta sake suma ne." Dale ya tarar da ita zaune a ƙasan kicin, ta jingina da murhu, leɓɓanta sun yi shuɗi, tukunyar miya na ƙonewa bisa kanta. Shi ya kira motar asibiti, aka wuce da ita babban asibitin birnin Saskatoon.

Walter bai bi su ba sai da ya sauke buhun ƙarshe, ran Juma'a da hantsi. Ya iske 'yarsu Tanis a bakin gado, da wata likita riƙe da takardu. Likitar ta ce zuciyar ta lalace, abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Ta ce da tun farkon mako aka kama abin, da maganar ba haka take ba.

"Ai sun ce mata ba komai," in ji Tanis.

Likitar ta duba takarda. "A nan an rubuta an sanar da maigidanta ranar Talata, ƙarfe uku da minti goma."

Walter ya fara cewa ƙarar inji ce ta hana shi ji sosai. Lorna ta zame abin taimakon numfashin da aka sa mata daga bakinta, ta daɗe tana tara iska.

"A ranar ka ci abincin da na kai gona," ta ce. "Har ka ƙara."

Ba ta sake yi masa magana ba. Da aka sallame ta, Tanis ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta gyara mata ɗaki a ƙasa don ba ta iya hawa bene. Sau ɗaya Walter ya je, da kwandon tumatir na lambun Lorna. Tanis ta karɓi kwandon a bakin ƙofa, ta ce, "Baba, tana barci. Zan faɗa mata," ta rufe.

Wata goma sha huɗu Lorna ta ƙara a duniya. Walter ya ga sanarwar rasuwarta a manne a ƙofar coci, an jera sunan 'yarta da jikokinta biyu da ƙanwarta, babu nasa. Ya karanta har ƙasa, ya sake karantawa, sannan ya koma mota.