Saje da Bindigar Takarda

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa kuratan soja yadda ake riƙe bindiga. Na yi ritaya da igiya uku, amma halina bai yi ritaya ba: ba na iya ganin kuskure in yi shiru. Matata, Allah ya ji ƙanta, ta iya zama da ni. 'Yata Auta ta kasa. Bayan aurenta ta gaya mini cewa a gidana ko tari mutum ya yi sai na nuna masa yadda ake yi. Na ce ba haka ake yi wa uba magana ba, na kuma nuna mata yadda ake yi. Daga nan shekara biyu gaisuwar waya ce kawai tsakaninmu, lafiya lau, lafiya lau, sai an jima.

Sai ga kiranta wata Laraba. Ta ce duk Asabar da yamma suna wani wasa a falonta, ita da mijinta da wata ƙawarta da suke kira Nas, kuma suna neman mutum na huɗu.

"Ka zo sau ɗaya mu gani, Baba."

Na ji "sau ɗaya" ɗin nan sarai. Wanda ya tsufa yana yi wa mutane jarrabawa ya san ta in ya ji ta. Idan na faɗi, mun koma gaisuwar waya, wataƙila har in mutu. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na same su zagaye da teburin cin abinci, wanda aka tallafi ƙafarsa ɗaya da kwali. Na gani, na yi shiru, na ba kaina maki. Taswira ce a shimfiɗe, an zana ta a bayan tsohuwar kalanda, marafan kwalba kuma su ne dodanni. Auta ta yi mini bayani. Ita ce mai ba da labari, ita ce alƙaliya. Kowannenmu yana da jarumi a rubuce a takarda, sai ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sannan ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Surukina, mai gyaran firiji, jaruminsa matsafi ne. Nas tana da wata ƙatuwar mata mai gatari.

"Kai kuma na ware maka maharbi mai bindigar toka," in ji Auta. "Na san za ka so shi."

Don ta faranta mini ta yi, yanzu na gane. A lokacin tambaya na yi yaya bindigar take aiki.

"Ka jefa ɗan lido. Goma ko sama, ka samu."

"Shi ke nan? Ɗurin fa?"

Surukina ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Na gyara zama. Na bayyana musu cewa bindigar toka sai an auna albarushi, a zuba, a sa harsashi, a danna da sanda. Wannan ba zai kasa juyi uku na wasa ba. Na ce albarushi in ya jiƙe ya tashi aiki. Na ce mai hankali ba ya yawo da bindiga a ɗure cikin abokan tafiya. Na ce duk wanda ya yi ɗurin gaggawa ba awo, in ɗan lido ya ba shi biyar ko ƙasa, dole bindigar ta fashe a hannunsa.

"Baba, duniyar nan fa akwai macizai masu tashi sama," in ji Auta.

"Ko macizai na tuƙa mota, albarushi albarushi ne."

Ta ɗauki jan biro ta rubuta dokokina ɗaya bayan ɗaya a kan takardata, tana danna biron har ya kusa huda ta. Ni kuwa ina ta jin daɗi, wai na taimaka.

Maki ashirin aka ba ni in raba wa jarumin. Na zuba goma sha biyu a kula da makami, shida a saiti, ragowar biyun na ba ƙarfi. Sauri ban ba shi komai ba, don gaggawa ce ke kashe kurata. A jakarsa na sa mai, tsumma, sandar ɗuri da ma'auni. Nas ta ce ko garkuwa ba zan ɗauka ba? Na ce wanda ya iya harbi ba ya bukata. Da aka tambayi sunansa na yi dogon tunani, na ce Saje.

Muka shiga daji. Kuraye masu tafiya da ƙafa biyu suka tare mu. Saje ya durƙusa ya fara awo. Juyi na farko albarushi, na biyu harsashi, na uku sanda. Kafin ya miƙe, Nas ta gama da huɗu, surukina ya ƙone biyu, har sun fara raba ganima. Na sauke ɗurin, tunda doka ce, kuma ni na kawo ta. A faɗa na biyu aka yi ruwa. A na uku na tsaya gardama cewa tazarar da ke taswirar ba ta yi daidai da zangon bindiga ba, har na nemi a kawo mini rula.

Awa biyu ban harba ko sau ɗaya ba. Auta ta daina canza murya in dodanni na magana. Tana karanta takardarta kawai, tana duban agogon bango. Na san fuskar nan. Amma bakina bai samu labari ba.

Sai muka iso wata gada. Wani ƙaton dodo ya damƙi matsafin surukina ya ɗaga shi sama, Nas kuma tana can ƙetare. Auta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Juyi ɗaya ya rage ya jefa shi kogi. Baba, kai ne. Bindigarka ba ɗuri."

Na dubi takardata da jan rubutun da ke kanta. Na ce, "Ya zuba ba awo. Ya harba."

"Biyar ko ƙasa ta fashe fa."

"Na sani. Ai ni na faɗa."

Na jefa. Ɗan lidon ya gangara, ya bugi kofin Nas, ya tsaya a kan biyu.

Nas ta fara dariya har da buga tebur. Auta ta ajiye takardarta ta miƙe tsaye. Ta ce bakin bindigar ya dare gida huɗu kamar an ɓare ayaba. Ta ce girar Saje ta tafi, hularsa ta maƙale a reshe, shi kuma ya yi sama yana rungume da ma'auninsa, yana ihu cewa kowa ya koma bayan layi. Da muryata ta yi ihun, ba ta rage komai ba. Ban taɓa sanin 'yata ta iya labari haka ba, don ban taɓa barin ta ta kai ƙarshen magana ba.

Sai dai akwai kuskure. Bindigar da aka cika wa albarushi ta gindi take fashewa, ba ta baki ba. Gyaran ya taso mini har maƙogwaro. Auta ta gani. Ta tsaya, ta naɗe hannu, tana jira. Surukina ya koma kallon fanka.

Na haɗiye shi. Wallahi ya fi kowane magani ɗaci.

Na ce, "To, sai me ya faru, Auta?"

Ashe amsar gardamata ta shirya, ba ta shirya ci gaban labarin ba. Ta zauna a hankali, tana juya jan biron a hannunta.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Ban taɓa kawowa nan da kai ba. Ka dawo Asabar, kafin nan na tsara."