Ranar da Aka Yi wa Fadama Aski

Shekara uku Baba Sylvanus yana kwashe leda da kwalabe daga fadamar da ke bayan layinsu a Mahuta, shi kaɗai. Tun da masaƙar da yake aiki ta rufe, fadamar nan ce ofishinsa. Ya karkatar da lambatun da ke zuba mata ƙazanta, ya yi ta rigima da masu tifa, ya bar ciyawa ta kai ƙirji. 'Yan unguwa suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

A daminar bana sai ga gauraka biyu sun sauka. Rabon Sylvanus da ganin gauraka tun yana saurayi. Suka yi sheƙa a tsakiyar ciyawa, macen ta saka ƙwai uku. Ko tari ya daina yi kusa da wurin, burinsa kawai ya ga an ƙyanƙyashe.

Bakinsa ne ya ja masa. Ya faɗa wa Gideon, ciyaman ɗin unguwa, cewa masu nazarin tsuntsaye za su zo daga Jos ranar Asabar. Shi kuwa Gideon shekara talatin ya yi a sakatariya yana shirya tarbar manyan baƙi, kuma dama can ba sa ga maciji da Sylvanus.

"Baƙi su zo unguwata su tarar da wannan jejin?" in ji Gideon.

"Jejin za su zo gani, Ciyaman. Kada kowa ya taka wurin."

"Kai za ka koya mini tarbar baƙi? Mai ƙulla zare?"

Ranar Juma'a Sylvanus ya tafi Kafanchan jana'izar surukinsa, ya kwana can. Da safe ya dawo, ya sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin fadamar, ya tsaya cak. An yi wa fadamar aski tas har bakin ruwa. An tara ciyawar gefe guda tana hayaƙi. An jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa, ga rumfa, ga kujerun roba, ga lasifika ana gwadawa. Wallahi aikin ya yi tsaf, irin wanda ake yi wa kwamishina.

"Gideon, ka kashe ni," in ji Sylvanus. "Me na tare maka a duniya?"

"Ka iya bakinka. Mutum arba'in na fitar, tun asuba suke nan jiya. Shekara uku ka tara mana sauro da macizai, yau mun fitar da kai kunya, ko sannu babu."

"Ina sheƙar?"

Gideon ya yi murmushin wanda ya gama komai. "Ka ɗauka mu jahilai ne? Zo ka gani."

Ya ja shi zuwa teburin manya. A tsakiyar farin ƙyalle, tsakanin lemo da ruwan gora, ga kwanon tangaran an shimfiɗa auduga a ciki, ga ƙwai uku an wanke su fes.

"Ko ɗaya bai fashe ba. Ni da kaina na ɗauko jiya da hantsi, a ɗakina suka kwana. Baƙi ba sai sun shiga taɓo ba."

Sylvanus ya ɗora bayan hannunsa a kansu. Sanyi ƙalau. Ya so ya shaƙe mutumin nan a gaban kowa, amma ƙarfin ma babu. Ya ɗauki kwanon ya juya.

"Ajiye! Ga motarsu can ta shigo!"

Bai waiga ba. Ya kutsa cikin taɓo da takalmin jana'iza, ya yi ta dube-dube. Duk inda ya kalla iri ɗaya ne, ƙasa a share, ko alamar gauraka babu. Shi da ya san kowace ciyawa a fadamar nan, ya rasa inda zai mayar da su.