Tagogi Biyu Masu Kama Ɗaya

Tun tana ƙarama Baba yake kiranta Injiniya, saboda rediyonsa da ta kwance ta kasa mayarwa. Sunan ya bi ta har ta zama injiniyar gaske, a wani kamfani mai haɗa 'yan na'urorin da ke kula da sanyin ɗakunan ajiyar magani. Da ciwo ya kwantar da Baba, likita ya ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a, sai ta roƙi Oga ya bar ta ta yi aiki daga gida. Oga ba mugu ba ne, amma alherinsa ba ya fita sai da sharaɗi a gindinsa. Ya ce ya yarda muddin za ta iya shiga kowace na'ura daga nesa. Ranar da wata ta ƙi amsawa kuwa, ƙafarta ce za ta kai ta.

Ta kafa tebur a ɗakin Baba, tsakanin gado da kwandon magunguna. Ta buɗe wa kowace na'ura hanyar shiga ta intanet, makullin yana cikin kwamfutarta ita kaɗai. Sannan ta juya kan baƙin allon da take rubuta umarni, ta yi masa gyara na mai niyyar daɗewa. Ta sa launin da ba ya gajiyar da ido, ta gajarce dogayen umarni suka koma harafi biyu-biyu, don ta riƙa aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da na Baba. Dogon sunan na'ura da ke fitowa a farkon kowane layi ya tsone mata ido, ta cire shi. Ta kwafe wannan tsari ta zuba a dukkan na'urorin, ta yadda duk inda ta shiga sai ta ji kamar tana ɗakinta. Har alfahari ta yi da abin ranar, baiwar Allah.

Aiki ya riƙa tafiya sumul. Baba yakan buɗe ido ya tambaya ko har yanzu da aljanun nan take hira, ta ce masa sun fi 'ya'yansa jin magana. Tsoronta ɗaya ne, kada ya cika ba ta kusa.

Wata rana da hantsi tana da taga biyu a buɗe kan allo, kamarsu ɗaya. Ɗaya ta na'urar gwaji ce da ke gabanta a kan tebur, ɗayar ta na'urar wani asibiti mai nisa. Tari ya sarƙe Baba, ta tashi da sauri ta tallafo shi, ta ba shi ruwa, ta zauna da shi har numfashinsa ya daidaita. Ta dawo hankalinta rabi a gado, ta buga harafi biyun da ke goge na'ura tas don a zuba mata sabuwar manhaja. Ta jira fitilar na'urar gwaji ta mutu. Fitila ta ci gaba da ƙiftawa abinta.

Ta sake duba allon da kyau. Na'urar asibitin ta goge, har da hanyar shigar da ta buɗe mata. Yanzu babu mai tashe ta sai an je an soka mata kebul da hannu.

Oga bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Ya ce ɗakin maganin asibitin cike yake da alluran rigakafin yara, ba za su jure zafi ba, kuma duk kamfanin ita ce ta san yadda ta tsara abin. Ta ce masa Baba ya daina cin abinci. Ya yi mata sannu, sannan ya ce direba yana hanya.

Ta durƙusa a bakin gado tana kame-kamen bayani. Baba ya lalubo hannunta.

"Je ki, Injiniya. Ke kika kwance, ke za ki mayar."

"Ka jira ni, Baba."

"Ina za ni?"

Ta bar ƙaninta a kujerarta ta fita, ba ta yarda ta waiwaya ba.

Hanya ta cinye yinin, ga ramuka, ga babu sabis. Sai washegari suka isa. Mai kula da ɗakin maganin ya kawo mata shayi, ta soka kebul, ta zuba manhaja. Kafin shayin ya huce injin sanyi ya tashi da gurnani, allurai sun tsira. Haushi ya kama ta da ta ga ƙanƙantar aikin.

Ta fita bakin ƙofa inda waya ke kamawa, ta kira layin Baba don ta ce masa ga ta nan tafe. Ƙaninta ne ya ɗauka. Tana jin muryoyi da yawa a bayansa, da ƙarar kujeru ana jan su zuwa tsakar gida.

"Ba shi wayar," ta ce.



"Yaya," ya ce, "ki ce wa direban ya taho a hankali. Babu sauran sauri."