Sati Bakwai Babu Ribas

Mai Ƙwai ta dafa bonet da hannu biyu, ta tokare ƙafa da bangon gidan burodi, ta tura. Motar ta yi kamar za ta motsa, sai ta fasa. Ta cikin gilashi tana kallon mijinta, Malam, ya riƙe sitiyari ƙam, ya miƙe wuya kamar mai tuƙa jirgin sama.

"Ka saki birkin hannun kuwa?" ta tambaya, da muryar da ake ji har bakin titi.

Malam ya duba, ya saki, ya yi mata murmushi.

Sati bakwai ke nan ana wannan abu. Tun ranar da aka sauya wa motar giyabos, gaba dai tana tafiya kamar an biya ta, amma baya ko taku ɗaya. Lungun gidan burodin kuwa shiga ɗaya ne, ba ya ɓullewa. Kullum da safe sai su kutsa da kiret arba'in na ƙwai, a sauke, sannan mace mai jikoki tara ta ɗaure gyale a ƙugu ta tura ƙarfe da baya har titi, namiji na zaune a inuwa yana juya sitiyari, don shi ya iya tuƙi.

A bakin lungun, wata motar fulawa ta tsaya tana danna hon. Mai sito ya fito yana goge hannu, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Mama, manaja ne ya aiko ni. Ya ce in motar nan ta ƙara tare lungu gobe, wurin wani zai riƙa karɓar ƙwai."

"Shekara goma sha ɗaya ina kawo muku ƙwai. Ka taɓa fasa ruɓaɓɓe?"

"Ban taɓa ba, Mama. Saƙo aka ba ni."

"To kama nan mu tura, tunda hannunka ba saƙo ba ne."

Ya kama. Da motar ta fita titi, ta zagaya ta zura hannu ta taga ta buɗe ƙofarta, don ƙofar ba ta buɗuwa ta waje, ta zauna tana haki. Gidan burodin nan rabin cinikinta ne. In ya tafi, sauran masu shayi ne da masu kanti, masu ɗaukar kiret ɗaya suna neman ragi.

Shekara shida da ta sayi motar da guminta. Dillalin ya rantse mata cewa wata likita ce ta hau ta, daga gida sai asibiti. Mai Ƙwai ba ta yi boko ba, amma ta daɗe da yanke hukunci cewa in da gaske likita ce, to marasa lafiyarta sai dai addu'a. Lagireto an sauya, salansa an ɗaure da waya, kuloci sau biyu. Gilashin ɓangarenta da guntun katako aka tokare shi a rabi. Ita ba ta riƙe kuɗin gyara a kai, da ƙwai take aunawa, kuma giyabos ɗin nan kiret ɗari da ashirin ya haɗiye.

"Gareji," ta ce.

"Ai ya ce gobe da safe," in ji Malam.

"Sau uku ina aiken ka, sau uku kana kawo min gobe da safe. Yau ce goben. Ja mu je."

Makaniken, kowa a unguwar Gobe-da-safe yake kiran sa, har matarsa. Garejinsa fili ne mai katanga, cike da motocin da aka buɗe wa baki aka manta, ƙofa ɗaya tak, daidai faɗin mota. Da hancin motar ya shiga ƙofar, Mai Ƙwai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan."

"Nan ƙofa ce."

"Na ga ƙofa ce. Kashe."

Ta ja birkin hannu da kanta har ya yi ƙara, ta zare makulli ta jefa a jaka, ta fito ta jingina da motar ta harɗe hannu.

Ƙafafu biyu ne suka fara fitowa daga ƙarƙashin wata farar mota, sannan tumbi, sannan Gobe-da-safe gaba ɗayansa, yana washe baki.

"A'a, Mama da kanta. Sannu da zuwa. Ya jiki, ya kasuwa? Baba, barka da hantsi."

"To, to, madalla," in ji Malam, wanda ya fito ya tsaya a gefe yana gyara hula.

"Jiki ka tambaya?" Mai Ƙwai ta ce. "Jiki yana nan inda ka bar shi, a gaban bonet. Na ba ka mota mai gaba da baya, ka karɓi kuɗina, ka dawo min da rabin mota. Ina sauran?"

"Wane saura, Mama?"

"Ribas ɗina. Ko ka cire ka sa wa wani?"

Ya yi 'yar dariya irin ta masu sana'a, ya shafa bonet kamar mai duba akuya. "Mama, kin san mota in ta tsufa sai ana lallaɓawa."

"Shekarunta nawa?"

"Za ta yi ashirin da uku."

"Autata ta girme ta da shekara huɗu, kuma tana tafiya gaba da baya. Kar ka ƙara kira min tsufa a nan."

Wani mai kwat da jakar hannu, wanda aka gama wa aiki yana jiran fita, ya matso yana duba agogo. "Mama, don Allah a ɗan ja motar baya in wuce. Ina da taro ƙarfe goma."

"Ka ji, shi ma baya yake so," ta ce wa makaniken. Ta juya ga mai kwat. "Ɗana, abin da na zo nema ke nan. In an ba ni, kai ne na farko da za ka amfana."

"To mu tura ta mana."

"Akwai kiret goma sha biyu a kujerar baya. Duk wanda ya taɓa motar nan ya saya."

"Wannan ai tare hanya ne. Zan iya kiran 'yan sanda."

"Kira su. Ka ce su taho da makanike."

Mai gyaran taya na maƙwabta ya leƙo, mai walda ya kashe wutarsa ya tura tabarau goshi. Mai Ƙwai ta ga an taru, ta gyara tsayuwa. Ta faɗi ranar da ta tura motar a cikin ruwan sama takalminta ya tsinke. Ta faɗi ranar sunan jikarta, da ta tura ta a gaban surukai da sabon leshi. Ta faɗi yadda yanzu ba sa zuwa gidan kowa sai sun tambaya ko layinsu yana ɓullewa, har ƙanwarta ta yi fushi tana cewa an daina zumunci. Ta ce mai maganin ƙashi ya san ta, ya san sunayen jikokinta.

"Kuma sau uku ina aiko wannan bawan Allah, kana ce masa gobe da safe."

Gobe-da-safe ya daina murmushi. "Ni? Ban ce ba."

"Yau kuma sunanka za ka musa?"

"Mama, ba ni makullin."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ba shi, amma sai da ta zagaya ta shiga ta zauna a gefensa, jaka a cinya, kada a yi mata wani sihiri ba ta gani ba.

Ya tayar. Ya taka kuloci, ya sa yatsu biyu ƙarƙashin kan sandar giya, ya ja wani ɗan zobe sama, ya tura sandar gefe. Motar ta yi baya sumul, taku biyar, ko tari ba ta yi ba.

Mai kwat ya nufi motarsa da sauri.

"Mayar da ita inda take," Mai Ƙwai ta ce. "Ban gama ba."

Ya mayar, ya kashe. Mai kwat ya dafe kai.

"Giyabos ɗin da na sa miki na wata ƙirar ne," in ji makaniken, yanzu da muryar wanda gaskiya ta faɗo wa a ka ba shiri. "Shi sai an ja zoben nan sama ribas ke shiga. Ranar da Baba ya zo ɗauka na gaya masa. Ya dawo ya ce ribas, ina ƙarƙashin mota na ce Baba ja zoben sama. Ya ce to, to, ya tafi. Haka sau uku. Ni na ɗauka ma gaisuwa yake zuwa yi."

Suka fito. Mai Ƙwai ta dubi mijinta. Malam yana tsaye yana kallon motar da mamaki, kamar ta yi magana.

"Ƙarya yake yi maka ko?" ta ce da ƙarfi.

"Wace ƙarya?"

Gobe-da-safe ya ƙura wa tsohon ido. Sai ya matsa bayansa kaɗan, ya yi magana da murya irin ta hira, ba ƙasa ba, ba sama ba. "Baba, an sace hularka."

"To, to," in ji Malam. "Madalla."

"Baba, na sayar da motar, har an biya."

"Haka ne. Allah ya yi albarka."

Mai walda ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Mai Ƙwai ba ta yi dariya ba. Ta zo gaban mijinta daf, ta ɗaga murya yadda ta saba.

"Malam, kunnenka ba ya ji?"

Ya dubi mutanen, ya dubi ƙasa, ya gyara hular da ba a sace ba. "Yana ji. Ya dai rage."

"Tun yaushe?"

"Zai yi shekara biyu."

"Shekara biyu, muna gida ɗaya, ban sani ba?"

"To ai ke ina jin ki sarai," ya ce. "Ke kaɗai ce ma nake ji."

Nan mai gyaran taya ya kasa riƙewa, ya zauna a kan taya yana share hawaye. Har mai kwat sai da ya murmusa.

"To wa ya ce maka gobe da safe?" Mai Ƙwai ta tambayi mijinta.

"Na ga bakinsa daga ƙarƙashin mota ne? Na yi tambaya, na ji kamar an amsa." Ya nuna makaniken da haɓa. "In ba haka ya ce ba, me zai ce?"

Dariyar ta koma kan Gobe-da-safe. Mai Ƙwai ta ga dama ta samu, ta juya kan makaniken ba tare da jira ba.

"Ka ji shaidarka. Yanzu ni da kai. Motar nan ta wace ce?"

"Taki ce, Mama."

"Wa ya biya ka?"

"Ke ce."

"To ka sauya wa motata hali, ka rasa wanda za ka gaya wa sai wanda bai biya ba. Dattijo ya zo wurinka sau uku da tambaya ɗaya, ko sau ɗaya ba ka ja wannan tumbin ka fito ka nuna masa da hannu ba. Da ka fito, da ka gane abin da ka gane yau cikin minti ɗaya. Ciwon bayana na sati bakwai yana wuyanka."

"Mama, ke da kike gida ɗaya da shi..."

"Ba shari'ar gidana na kawo maka ba. Gilashin nan nawa da katako ya tokare, da ƙofar nan, za ka gyara su, kuma ko ƙwai ɗaya ba zan ba ka ba."

Ya buɗe baki. "To, a kawo ta go..." Ya ga idonta. "Bari in ɗauko sukundireba."

Sai da aka zaunar da Malam a kujerarsa, makaniken ya kama yatsunsa ya ɗora a kan zoben, ya ja tare da shi sau uku. Mai Ƙwai ta sa aka nuna mata ita ma, ta ja da kanta ta ji yadda yake shiga. Malam ya yi baya a hankali har titi, fuskarsa kamar yaron da aka saya wa keke. Mai kwat ya fita, ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, in kina neman aiki, ofishinmu na neman irinki." Ta ce masa ya wuce taronsa.

Kafin azahar gilashi na hawa yana sauka, ƙofa na buɗuwa ta waje. Suka kama hanyar masu kanti da sauran ƙwan.

Ta yi shiru a motar, abin da ba ta saba ba. Tana tuna masu hon da suke bin su a baya Malam bai ko waiwaya ba, tana cewa taurin kai ne. Tana tuna rediyon da ya daina kunnawa, da yadda jikoki ke masa surutu yana ta to, to, ita kuwa tana ce musu kakanku ya fi kowa haƙuri. Da sunayen da ta kira shi cikin sati bakwai ɗin nan tana tura mota, waɗanda duk ya ji, tunda da ƙarfi ta faɗe su.

Ta kalli hannunsa a kan sitiyari. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, muryar da ita kanta ta manta tana da ita.

"Gobe in mun sauke na gidan burodi, asibiti za mu, a duba kunnen nan." Ta ɗan tsaya. "Abubuwan da na faɗa maka, ka yafe min. Ban sani ba."

Malam ya ga leɓenta na motsi ta gefen ido. "To, to," ya ce, idonsa na kan titi. "Madalla."

Ta daɗe tana kallon sa. Ta duba baya, babu kowa sai kiret goma sha biyu. Ba ta maimaita ba. Ta gyara jakarta a cinya, ta cika ƙirji da iska.

"Ga rami nan gabanka, ka rage gudu. Ƙwai ka ɗauko, ba duwatsu ba."

"Na gan shi," in ji Malam, ya taka birki.