Sandar Sama'ilu a Ƙofar Gidana

A ƙauyenmu da ke gefen Bagwai ba a san ni da dukiya ba, ba a san ni da ilimi ba. Idan baƙo ya ce yana neman Lazarus, sai a ce masa, "Wanda ya goya kare a babur ya kai shi wurin likita?" Mahaifina har ya koma ga Ubangiji allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba, ga ɗansa da furfura yana bin layi saboda kare.

Sunan karen Ƙyalesu. Matata Jemima ce ta raɗa masa lokacin da take 'yar tsama da wata maƙwabciya, don ta riƙa kiransa da ƙarfi ta kan danga. Tarkon ƙarfe da wani ya ɗana wa dila a gonar rake shi ya kama masa ƙafar gaba. Da muka same shi ƙashin ya riga ya dagargaje. A wuyansa kuma akwai wani ɗan rauni. Ban san ko tarkon ne ba, ko wani abu ne ya kawo masa ziyara yana ɗaure.

Likitan dabbobi ya yanke ƙafar, ya ɗinke dungun, ya ce in fasa gindin bokitin roba in zura masa a wuya.

"Baba, harshensa ne abokin gabarsa. Kada ka bari ya kai wurin."

Na yi yadda ya ce. Ƙyalesu ya zama abin kallo: ƙafa uku, kai cikin bokiti, yana karo da rumbu. Masu wucewa gona sai su tsaya su ce, "Malam Lazarus, wace tasha yake kamawa yau?" Ni mutum ne mai jure yunwa, mai jure wa'azin da ya wuce azahar, amma dariya ba na jure ta. Na cire bokitin.

Ya lashe ɗinkin tas. Wurin ya buɗe, ya kumbura, ƙudajen damina suka samu masauki. Wata rana na ɗaga dungun na ga abu fari yana motsi a ciki.

Kawuna Shago, wanda ya tsufa a bayan shanun noma, ya leƙo ya ce, "Tsutsa ce kawai. Ɗiga masa fiya-fiya, maganin ƙwarin nan. Haka muke yi wa shanu."

Gaskiya ne, haka ake yi, na sha gani. Abin da ni da Kawu ba mu tuna ba, da shekarunmu a haɗe sun isa a kafa gari, shi ne gyambon bijimi a doro yake, inda bakinsa ba ya kaiwa. Na ɗiga maganin da hantsi. Tsutsotsin suka zubo. Ƙyalesu ya juya ya gode mini da harshe, a kan dungun.

Kafin rana ta take tsaka jikinsa ya ɗauki karkarwa. Yawu ya riƙa dalala, sannan kumfa. Ya fita ƙofar gida yana tangaɗi, ya faɗi a kan hanyar rijiya, matan da ke ɗibar ruwa suka gan shi. Ba su yi ihu ba. Tulunansu suka ɗauka, kowace ta ja hannun ɗanta.

A nan ya kamata in faɗi abin da kowa a garinmu ya sani. Bara mahaukacin kare ya ciji Fatihu, ɗan maƙwabcina Sama'ilu. Ciwon bai kai a ce ciwo ba, aka shafa toka aka manta. Ni na riƙe ƙafafun yaron a ranarsa ta ƙarshe. Tun daga nan duk karen da aka ga kumfa a bakinsa ba a tambayar mai shi.

Na kinkimo Ƙyalesu na shigo da shi. Na buga wa likita waya, tana ta ƙara ba a ɗauka. Jemima ta daka gawayi ta dama da nono, ni na wanke dungun da sabulu, sannan na buɗe masa baki ina ɗura masa. Muƙamuƙinsa ya datse. Ba da niyya ba ne, na rantse, karkarwa ce. Amma haƙorin ya shige babban yatsana.

Jemima ta dubi jinin, ta dube ni.

"Baban Glory," ta kira ni da sunan 'yarmu.

"Fiya-fiya ce," na ce.

"Raunin wuyan fa?"

Na cusa hannun a aljihu.

Bayan la'asar mutanen gari suka zo. Geron bayan gida ya fi mutum tsawo, don haka sandunansu na fara gani kafin fuskokinsu. Namu na coci da na masallaci, an haɗu. Na daɗe ina addu'ar haɗin kan garin nan, ban san a kan karena za a amsa ba.

Sama'ilu ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, bai rage komai ba.

"Malam Lazarus, ka san abin da ya kawo mu."

"Malam Sama'ilu, magani ya lasa. Ni na ɗiga masa. Ga Kawu nan, a tambaye shi."

Kawu Shago, da ke bayan taron, ya duƙufa yana duban takalminsa kamar yau ya saye shi.

"Ina da jikoki a gidan nan," in ji Sama'ilu, yana nuna dangar da ta raba mu. "Dangar kuwa ka san kara ce."

"A ba shi ruwa," in ji wani. "Mahaukaci ba ya shan ruwa."

Jemima ta cika kaskonsa ta ajiye a tsakar gida. Aka ja baya aka yi da'ira. Ƙyalesu ya yunƙura, ya manta ba ƙafar, ya kife ta gefen dungun. Ya sake yunƙurawa. Ya ja jiki har bakin kaskon ya tsaya, maƙogwaronsa yana motsi, yawu baƙi da gawayi yana ɗiga cikin ruwan. Ina jin yatsana yana bugawa a aljihu. Wani saurayi ya gyara riƙon gorarsa.

Sai ya sa harshe. Ya lasa, ya sarƙe, ya ƙara lasa.

"Ya sha," in ji Kawu Shago, wanda muryarsa ta dawo.

Sanduna suka fara sauka. Ta Sama'ilu ce kawai ba ta motsa ba.

"Wanda ya ciji Fatihu ma na gan shi yana sha a kududdufi da safen ranar," in ji shi.

Ya daɗe yana kallon karen, karen yana kallon ƙasa.

"Ka sa masa sarƙa, ba igiya ba. Likitan ya zo ya faɗa da bakinsa, a gabana. Idan ya kwance, ko ya canza, ba zan sake sallama ba." Ya juyo gare ni. "Ya ciji wani?"

"A'a."

Mutane suka fara watsewa cikin geron. Sama'ilu ya tsaya har suka yi nisa, sannan ya jingina sandarsa a jikin ƙofata, ta waje, ya rage murya.

"Aljihunka ya jiƙe, maƙwabci. Ka kai hannun nan asibiti tun da sauran rana. Ni jira na yi lokacin Fatihu."

Na ɗaure Ƙyalesu a gindin darbejiya da tsohuwar sarƙar babur. Na nemo bokitin a bayan rumbu, kaji sun fara kwana a ciki, na mayar masa a wuya. Jemima ta zauna nesa da tsawon sarƙar da sauran nonon a ƙwarya.

Da na tura babur waje na wuce sandar a inda take. Ta ƙofar da na bari a buɗe Ƙyalesu ya ɗago bokitinsa yana kallonta, yawun bai tsaya ba. Mutum biyu suka wuce za su gona, suka gan shi sarai, ba wanda ya tambayi tasha.