Karatun Malam Ya Ƙi Tashi a Sabon Bod

…ga shi nan ya sake mutuwa. Ya sake tashi. Ɗige-ɗigen suna zagayawa, suna zagayawa, kamar 'yan tsaki sun sami tsaba — sai gilashin ya koma shuɗi, sai fuskar nan ta fito a kishingiɗe, ido biyu da baki a turɓune. Kai kuma wa ya taɓa ka? Ni ya kamata in ɓata rai, ni da na bar gero a turmi na zo na zauna gaban kwamfuta kamar mai jinya.

Malam, kana ji na? Ba ka ji, na sani, Allah ya kai haske kabarinka. To wa zan gaya wa? Karatunka ne a ciki. Saukar da ka yi a azuminka na ƙarshe, wadda Khalilu ya ɗauka yana kanga maka waya a baki, kana cewa ya matsar da ita kada ka haɗiye. Tana cikin ɗan ƙarfen nan mai kama da gwangwanin kifi da mota ta taka. Had-dis, in ji shi. Ni faifai nake ce masa. Kuma babu ita a ko'ina sai nan. Memorin da nake sawa a rediyo ya lalace tun daminar bara, kullum sai "Inna, zan tura miki." Yaron da sana'arsa ke nan, turi! Duk mai waya daga nan har Bagwai ya cika masa ita da waƙa da wa'azi da fim ɗin Indiya mai jin Hausa. Uwarsa ce kawai layi bai zo kanta ba.

Tsaka ce ta jawo mana. Tsaka! Ta shiga akwatin kwamfutar neman ɗumi, ta kwanta a kan bod — koren allon nan mai unguwanni da tituna, wanda komai yake manne a jikinsa — sai ji muka yi tas, sai ƙauri. Ita ta tafi, shi ya tafi. Aka sayar da tunkiya, ya shiga Kano ya dawo da wani bod ɗin na hannu, ya ciro faifan daga tsohon ya jona a sabon. Wai shi ke nan. To a cikin shi ke nan ɗin muke tun jiya.

Yanzu ya tafi Rimin Gado wurin abokinsa Basiru, aron filash. Da shi zai goge faifan ƙal, ya zuba sabon abin da zai tayar da shi, waƙoƙi kuma Basiru ya sam masa. Gobe kasuwa. In kwamfuta ba ta tashi ba babu turi, in babu turi… ka dai san rumbu. A'a, ba ka sani ba, ka riga shekarun nan tafiya. Taki ya gagara, gona ta ba da abin da ta ga dama. Tuwon gidan nan daga cikin akwatin nan yake fitowa.

Na ce to a kwashe karatun tukuna. Ya ce, "Inna, da me? Kwamfutar Basiru ta cinya ce, bakinta da na faifan bai zo ɗaya ba. Sai dai Kano, kin kuwa san kuɗin mota." Bai kalle ni ba da yake faɗa. Idonka sak, irin na ranar da ka sayar da jakinmu ka dawo kana yabon tafiyar ƙasa.

Wai faifan ne ya saba da tsohon bod, sabon yana yi masa magana ba ya ganewa. To ai akuya ma haka take! Wadda muka sayo a Shanono, ba ɗaure ta muka yi a turke ba, tana kuka tana ƙin dusa, har ta san warin gidan? Wa ya yanka ta don ta ƙi ci? Na gaya masa. Ya yi dariya ya hau mashin.

In ya dawo ya tarar ta tashi, babu gogewa. Shi ne kawai. In ta tashi…

Da alwalata, bari in duba. A fara kashewa ta baya, haka na ga yana yi. Fanka ta tsaya. Ya bar gefen akwatin a buɗe, faifan ma bai ɗaure shi ba, yana kwance a kan kwali da igiyoyinsa biyu. Jar siririyar — a danna har ta ce ƙas. Ta ce ƙas. Mai faɗin — wannan ta zauna daram. A hura. Yakan hura, na gani. Ni kuwa tunda hurawa za a yi, me zai hana Fatiha ta riga iskar shiga? Tofi dai, amma busasshe, don an ce ruwa ne ajalinsa. Shekarata nawa ina yi wa yara tofi, ban taɓa yin na babu yawu ba sai yau. Bismillah. Kunna.

Ɗige-ɗige… zagaya, bawan Allah, zagaya… shuɗi.

"Safara'u! Kin gama da rariya? Ko har yanzu kina asibiti?"

Maƙwabciyarmu Amsa ce ta kan katanga. Ta hau turmi, na san ta. Matar da har yau ɗanta ne yake amsa mata waya, ita ce mai yi mini ba'a.

"Tana kan randa, miƙo hannu!"

"Injiniya! In ta warke ki ce ta duba mini ƙuguna."

Allah ya shirye ki. Dariyarta har bayan gida… Ina nake? Gogewa.

Abin da na kasa haɗiyewa ke nan, Malam. Allunan ɗalibanka nawa na wanke a gidan nan? Ka taɓa ganin na zubar da ruwan a rariya? A ƙwarya yake taruwa. Mai ciwon ciki ya sha, mai jarrabawa ya sha, abin da ya ragu a kai gindin zogale inda ƙafa ba ta takawa. A wajen wankin nan ma na koyi karatu, ina bin baƙi da yatsa kafin ruwa ya tafi da shi, kai kana yi kamar ba ka gani ba. To allo guda ke nan, ƙaramar sura. Wannan izu sittin ne cur, da muryar mutum a kai. In an goge, ina zai zuba? Na tambayi ɗanka. Wai, "Inna, ba ya zuba ko'ina, babu shi ne kawai." Babu shi! Ji maganar ɗan malami. Abu yana nan, sannan babu shi, kuma bai bi ta ko'ina ba? Hayaƙi ma ana ganin inda ya nufa.

Ga ƙwaryar nan dai na wanke na tura ƙarƙashin akwatin, daidai saitin faifan. Ya yi dariya in ya so. In babu abin da ya ɗiga, ƙwarya ba ta yi asara ba.

Ji yadda madannan nan suka yi dauɗa. Man gyaɗa, garin ƙuli, a kansu yake cin abinci. Yaya abu zai tashi a cikin ƙazanta? Bari in share da bakin mayafi kafin ya gama mutuwar nan ya sake…

Innalillahi! Me na taɓa?

Wani gilashin ne daban. Babu fuska. Rubutu ne layi-layi kamar an yi shuka, fari a kan shuɗi. Kuma ya tsaya! Bai mutu ba. Nan ne Khalilu yake shiga jiya yana tsaki, wai bayos. Ashe ƙofar a ƙarƙashin mayafina take.

A hankali. Boko ne, na kuwa san baƙaƙensa. A jikin buhun taki na koye su, lokacin da ake samun buhun, da kwalin maganin zazzaɓi, da littafin 'yarmu Zulaihatu na aji ɗaya da nake ɗauka in ta tafi ɗiban ruwa. Ina furtawa sarai. Ganewa ce dai… Turanci ya shiga bakina ya fita bai gaishe ni ba. Wannan kalmar ta sama na san ta, ita yake ta faɗa wa Basiru a waya, ya ƙi butin, ya ƙi butin, wato ya ƙi tashi. Kibiya ta dama. Ta matsa! Malam, ta matsa, ni na matsar da ita!

Ga wani dogon suna, baƙaƙe da lambobi. Tsaya… leƙa jikin faifan. Su ne. Su ne a kan takardar da ke manne a bayansa, ɗaya bayan ɗaya. To ka gan shi ke nan! Ka san sunansa, ka san yana zaure, me ya hana ka ce ya shigo? Wane irin mai gida ne kai?

Ƙasa kaɗan akwai wata kalma a cikin ɗan akwati. In na danna sai ta sauya, gajera ta koma mai ɗan tsawo. In na sake sai ta dawo. Watakila nan ne harshen da za su ji juna. Watakila kuma nan ne ake gogewar, wa ya sani? Gajera… mai tsawo… Da wacce na tarar da shi? La ilaha illallahu. Da wacce? Kuma ta ina ake fita a ce masa ya riƙe? Babu wanda zan tambaya sai Amsa, ita kuwa gara in tambayi akuyar.

Koma baya, koma baya. Lambobi. Su dai ba su da Turanci. Kwanan wata ne… dubu biyu da goma? Ikon Allah. Wannan bod ɗin a can ya tsaya, ba a gaya masa komai ba. A wurinsa kana zaure da ɗalibai, Khalilu yana gudun wanka, ana ba maƙwabci kwanon gero ba a rubuta a zuci ba. Bai ji an cire tallafin mai ba. Bai ji an yi layin sabon kuɗi ba. Zauna abinka a nan, bawan Allah, ni ba zan zama mai kawo maka labari ba. Da da wuri ma da na shigo.

Ƙit. Ƙit. Inbata ta fara kuka, batirin sola ya yi ƙasa. Hadari ne ya tare rana tun hantsi, bai kuma zubar da ko ɗigo ba.

To ki bar shi mana, Safara'u. Ki bar yaro ya nemi abinci. Alƙur'ani bai ɓata ba, yana cikin gafaka, yana cikin ƙirjin dubbai. Muryar kuwa ai tana kanki. Shekara da shekaru kina jin ta ta bayan zana. Jawo ta mana. Tabaraka… yadda yake jan ta, ya ɗan tsaya, ya… a'a, wannan mai karatun rediyo ne. Sake. Wannan limamin Juma'a ne. Sake… Khalilu ne wannan, in yana kwaikwayonka don ya ba ƙannensa dariya. Malam? Ta ina kake farawa? Sama kake ɗauka ko ƙasa? Na san hularka, na san tarinka, na san yadda kake ajiye buta. Muryar fa?

Mashin. Na san ƙarar, salansar nan da aka ɗaure da waya. Ya wuce gidan Sabo.

Kashe ta baya. Fanka… tsaya mana! Jar igiya, fita. Mai faɗin — ta ƙi — Bismillahi — ta fita. Zafi! Kamar an ciro dankali daga toka. Ina zan kai shi? Ƙarƙashin katifa — izu sittin a ƙarƙashin inda ake kwanciya, a'uzubillahi. Bakin zane — ƙasa da cibiya, bai halatta ba. Gafaka, nan zai fara dubawa, ɗanka ne. Rumbu ya yi nisa. Sama dai, sama, inda babu abin da ya hau kansa…

Ɗankwali. A ɗora, a ja, a ɗaure. Mayafi a kai.

Yana ƙona mini tsakar ka. Ya jingine mashin. Akwatin a buɗe, igiyoyi biyu suna reto, gobe kasuwa, geron da ke turmi shi ne na yau, na gobe kuwa… Zai tambaye ni, ni kuma ban iya ƙarya da alwala ba. In na girgiza kai ya faɗo. In na sunkuyar ya faɗo.

"Salamu alaikum. Inna, na samo!"

Amsa sallama wajibi ce. Zan amsa. Bari dai in… wuyana a miƙe, kamar mai tallar nono… zan amsa…