Baƙin Mai a Tukunyar Kunu

Ƙarar ta fara ne da wani siririn fito, irin na tsohon da haƙoransa suka zube yana kiran kare. Daga nan ta yi kauri, ta yi gurnani, ta shaƙe, ta ɗauke. Ina kwance na ji ta. Mu mutanen Layin Tsamiya, a kudancin Durban, katanga ɗaya ce tsakaninmu da matatar mai, don haka mun san muryoyinta kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Mun san hucin harshen wutar da ke saman dogon bututu, mun san jiniyar canjin aiki. Wannan kuwa baƙuwa ce.

Ni dai na yanke cewa kifi ne. Lokacin sanyi ne, lokacin da manyan kifayen nan masu girman motar bas ke wucewa ta bayan tudu, kuma an ce suna kiran juna. Da safe na faɗa wa maƙwabcina Soobiah direban tasi, yana goge gilashin motarsa.

"Thatha," ya ce, kamar yadda kowa ke kirana a layin, wato kaka, "kifin da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai da ƙonanniyar taya? To ya mutu tun bara. Je ka sha shayinka."

Warin kam akwai shi. Ya kwana a labule, ya shiga burodi.

Wadda warin ya fi tayar wa hankali ita ce Kanniamma, gida na uku daga nawa. Jikarta Thirusha da abin shaƙar asma take kwana a ƙarƙashin matashi, kamar yawancin yaran layin. Shekara da shekaru buƙatar Kanniamma ɗaya ce: manyan matatar su tako da ƙafarsu, su tsaya a layinmu, su shaƙa. Ta yi zanga-zanga, ta tara iskar layi a bokiti mai murfi ta kai musu har ƙofa. Abin da take samu shi ne kalanda mai hoton tsuntsaye duk ƙarshen shekara.

Mijinta Perumal shi ake kira Injiniya. Ya yi aiki a matatar har ya tsufa, kuma aikin nasa wanke durom ne. Amma wanda ya daɗe yana wanke kwanon attajiri sai ya ɗauka ya iya girkin. Ni kaɗai nake saurarensa, don ina son abin mamaki ko daga bakin maƙaryaci ya fito.

"Ka ga guggubin da ke saura bayan an kwashe fetur da kananzir?" haka yake ce min a barandarsa. "Baƙi ƙirin, cokali zai tsaya a cikinsa. Shi ake zafafawa, a ɗura masa iskar haidurojin da ƙarfin tsiya, a bi da shi ta kan katalis. Iskar ta kwashe farar wuta da dattin ciki, a gyara kakin da ke sa shi daskarewa. Sai ya fito garau kamar man riɗi, a zuba wa inji. Iyakar sirrin ke nan. Amma injiniyoyin can su je su yi ta hura hanci da farar hular kwano."

Katalis ɗin ma ya nuna min a tafin hannunsa, wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar taliyar da aka kakkarya. Ya ce shi ba ya shiga cikin man. Dillalin aure ne: ya haɗa iska da mai, ya koma gefe. Maganar ta kwanta min ƙwarai. Na roƙi ƙwaya ɗaya, na ajiye ta a kan katangar da ke tsakanin Soobiah da surukarsa, waɗanda ba sa ga maciji da juna, har wata ya ƙare. Ban ga canji ba.

Da fiton ya sake dawowa, ya kuma sake, sai Kanniamma ta tara layin a gindin mangwaro. Kowa ya kawo nasa. Na kawo kifina, aka yi min dariya. Sai Soobiah ya juya wurin Perumal, wanda ke can baya yana susar wuya.

"Anna," ya ce masa, wato yaya, "kai ne injiniyanmu. Yau ga ranarka kuma ka yi shiru kamar an ba ka ajiyar baki? Ni fa kamar ta wajen gidanku nake jin abin."

"Gidan wa?" Perumal ya miƙe zumbur. "Amsa-kuwwa ce, jahili! Sauti katanga yake duka ya dawo. Wannan fiton na san shi kamar muryar matata. Bawul ɗin haidurojin ne na sashen man inji, yana yoyo."

"Yoyo?" in ji Kanniamma. "In ya yi yawa fa?"

Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma idon mutane a kansa yake, abin da ya shekara yana nema.

"In ya yi yawa? Sai dai a tsinci takalmanmu a Madagaska."

Kafin la'asar Kanniamma ta maimaita maganar a gidan rediyo, ta ce daga bakin tsohon injiniyan matatar ta fito. Perumal ya bi ta har kicin yana cewa a bi a hankali, kada a tayar da hankalin manya. Ta ce manya su tashi, ai sun sha barci.

Abin da tari da asmar yara ba su yi ba tsawon shekaru, kalmar haidurojin ta yi shi a kwana ɗaya. Huhun Thirusha ba nasu ba ne, amma sashen man inji nasu ne. Ranar Juma'a da hantsi sai ga farar mota a layin. Mutum biyu suka fito: Mista Venter, jami'in hulɗa da jama'a, wanda murmushinsa ke riga shi fitowa daga mota, da wata matashiyar injiniya, Mis Cele, riƙe da wata 'yar na'ura mai shinshina iska.

Ranar ta yi wa Kanniamma daidai. Jibi Lahadi ce sadakar kunun Amman, uwar da ake bauta wa don ta kare yara daga cuta, wadda gidansu ke yi duk shekara. Ranar Juma'a ake fito da tukwane a wanke, don haka matan layi duk suna tsakar gidanta, zani a ɗaure a ƙugu. Shaidu sun cika.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Ba kujera zan ba ku ba. Ku tsaya nan ku ja numfashi."

Mista Venter ya ja, murmushin ya ɗan karkace. Mis Cele ta ce sun kwana suna duba sashensu, babu yoyo ko na allura. Ta kunna na'urar ta nufi katangar matatar man. Na'urar ta ɗan yi ƙit, ƙit, kamar 'yar tsako. Ta juyo wajen gidajen, sai kukan ya ƙaru.

"Ta can iskar ke zuwa, 'yata," Perumal ya tare ta yana nuna teku. "Wannan na'urar taku tun zamaninmu ƙarya take yi."

Ba ta ko dube shi ba. Ta wuce shi, ta wuce matan, ta wuce igiyar shanya, mu kuma muna biye kamar masu rakiyar gawa. Ta tsaya a ƙofar ɗan ɗakin da ke ƙarshen gidan, na'urar tana ihu.

A wannan ɗakin ake ajiye tukunyar kunu. Ta tagulla ce, yaro zai iya wanka a ciki, kuma kakar kakar Kanniamma ce ta sauko da ita daga jirgin ruwan da ya kawo su ƙasar nan yankan rake. A naɗe take zama cikin ƙyalle rawaya, ba mai taɓa ta, ba mai ko leƙa ta, sai jajibirin sadakar. Perumal ya san da haka sarai. Wurin ɓuya a gidan nan babu kamar abin da kowa ke girmamawa.

"Makulli," in ji Kanniamma.

"Rufin ne nake gyarawa, akwai ƙusoshi a ƙasa, kada baƙi su..."

"Makulli, Perumal."

Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunansa a gaban mutane ba. Ya miƙa.

Ni dai, a yafe min, abin ya burge ni. Ga tukunyar a kan murhun gas, an ɗaure mata murfin ƙarfe da notuna, bututun roba ya fito daga wata tukunyar iska ya shiga gefenta ta ramin da aka huda. A samanta kuma an ɗora kan tukunyar matsi ta dafa wake, wanda Kanniamma ta yi wata biyu tana zargin 'yar aikin maƙwabta da ɗaukewa. Shi ne kifina. Gefe ga jarkoki cike da baƙin man da aka juye daga motoci.

"Kai!" Soobiah ya dafe kai. "Man tasina ne wannan! Ka ce min gara za ka kashe da shi!"

Mis Cele ta kore mu baya, ta buɗe taga, ta leƙa wani durom da ke lungu. Ta tambayi Perumal inda ya samo katalis ɗin da ke ciki. Ya ce ranar da ya bar aiki ya ga an ware duroma za a fitar, shi kuwa a layinmu ba a barin durom ya wuce.

"Baba, wannan ya mutu tun kafin ka ɗauko shi. Datti ya toshe shi, shi ya sa aka cire. Guba ce kawai ka ajiye kusa da ɗakin yara." Ta ƙwanƙwasa tukunyar iskar. "Wannan kuma fa?"

"Haidurojin," ya ce, da ɗan sauran taƙama. "Wurin mai sayar da balan-balan a bakin teku na saya."

Ta rufe bakinta da hannu. Ta ce wannan iskar balan-balan ce ta zamani, ba ta kama wuta, ba ta haɗuwa da komai, ko shekara za ta yi da mai ba za su gaisa ba. Ta ce ya gode wa mai balan-balan, don da ta gaske ce, da maganarsa ta Madagaska ta tabbata.

"To me yake yi ke nan duk daren nan?" wata mata ta tambaya.

"Suya," in ji Mis Cele. "Baƙin mai yake soyawa."

Dariya ta ɓarke, amma ba ta yi nisa ba, don an ga fuskar Kanniamma. Tana durƙushe tana shafa ramin da aka huda a gefen tukunyar. Bayanta kuwa Mista Venter na ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Murmushinsa ya miƙe, ya ma yi ƙiba.

"Mista," ta ce ba tare da ta juyo ba, "wannan na wata biyu ne. Jikata shekararta tara tana tari."

"Haka ne, uwa, haka ne," ya ce. "Za mu duba komai. Yanzu dai mun gode Allah an gano tushen matsalar."

Ranar Lahadi ya dawo. A sadakar Amman ba a korar baƙo, ko maƙiyinka ne sai ka ba shi kunu da hannu biyu, kuma wani ya sanar da shi hakan. Ya zo da sabuwar tukunya mai ƙyalli, da tambarin kamfani a gefenta, da mai ɗaukar hoto. Kanniamma ta karɓa. Ta miƙa masa kunu mai tsami da miyar kabewa, ya kurɓa sau ɗaya, aka ɗauka, ya ajiye kofin a kan katanga. Hoton ne ya fito a kalandar bana, a madadin tsuntsaye.

Perumal yana can unguwar Chatsworth wurin ƙanwarsa, an ce yana koya wa yaran can yadda jirgin sama ke tashi. Motar kamfani ta kwashe durom ɗin da jarkokin, har ƙwayata ta kan katanga na ba su. Tsohuwar tukunyar an wanke ta da toka, da tsamiya, da yashi, har yau in ka sa hanci gareji kake ji. An dasa ganyen kari na miya a ciki, ya bushe. Duk wanda kuma ya buga wa matatar waya kan wari, yarinyar da ke ɗauka takan tambaya cikin ladabi ko mun duba bayan gidajenmu tukuna.

Shekaranjiya da yamma muna zaune a waje, sai iska ta juyo daga wajen katanga. Warin ya sauko layin a hankali, tsohon warin, wanda muka sani tun kafin Perumal ya yi ritaya. Mata suka fara kwashe shanya. Daga gida na uku muka ji Thirusha ta fara tari, muka ji kakarta na jan akwatin gado tana neman abin shaƙa. Soobiah ya ajiye tsumman goge motarsa, ya dubi harshen wutar da ke saman bututu, ya dube mu.

"To yau kuma tukunyar wa za a ce?"